Matan gidan Darwin: aikin da suka yi, ƙofofin da aka rufe musu, da ƙaryar da ake jingina musu

Idan har mace ba ta kai namiji kaifin ƙwaƙwalwa ba, kamar yadda masanin kimiyyar halitta ɗan Ingila Charles Darwin ya rubuta a littafinsa na 1871 kan asalin ɗan Adam, me ya sa 'yarsa Henrietta ya damƙa wa babobi mafi wuya na wannan littafin don ta gyara masa kafin a kai maɗaba'a?

Tambayar kan taso a watan Fabrairu, saboda ranaku biyu da ke jere. Ranar 11 ga wata ita ce ranar mata da 'yan mata a fagen kimiyya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 2015, washegari kuma ranar haihuwar Darwin ce, wanda aka haifa a 1809. A nan ne maganganu kan cika intanet. Wasu su ce matarsa Emma ce ta hana shi fitar da littafinsa na 1859 kan juyin halitta har shekara ashirin saboda tsananin addininta. Wasu su ce matan gidan duk fursunoni ne da ba su da ta cewa. Wasu kuma su kawo labarin wata mata da ta ce ya tuba a hannunta dab da mutuwarsa. Ba hukunci kan ƙa'idar juyin halitta na zo yi ba, wannan muhawara ce mai zaman kanta. Abin da ke gabana shi ne matan da suka kewaye mutumin, domin wasiƙunsu da littattafan ajiyarsu suna nan, kuma sun ishe mu rarrabe tsaki da tsakuwa.

Wane zamani ne, kuma wace doka ce ke kan mace?

Zamanin Biktoriya shi ne mulkin Sarauniya Biktoriya ta Birtaniya, daga 1837 zuwa 1901. Don mai karatu ya kwatanta, ta hau gado a shekarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu, ta mutu saura shekara biyu Turawa su ci Kano da Sakkwato.

Mace ce a kan karaga, amma dokar Ingila ba ta ɗauki matar aure a matsayin mutum mai cin gashin kansa ba. Da zarar an ɗaura aure, kuɗinta da kayanta da abin da ta samu da guminta sun koma hannun miji. Ga wanda ya tashi ya san cewa a shari'ar Musulunci sadakin mace da gadonta nata ne, wannan abin mamaki ne, amma haka lamarin yake. Sai a 1870 aka yi dokar da ta bar wa matar aure ladan aikinta, a 1882 kuma, shekarar da Darwin ya mutu, aka ba ta ikon mallakar dukiya da sunanta. Masu hali kan kauce wa tsohuwar dokar ta hanyar rubuta yarjejeniya kafin aure. Talaka ba ta da wannan gatan.

Ƙofar ilimi ma a rufe take. Babu jami'ar Birtaniya da ta yarda ta ba mace digiri sai Jami'ar Landan a 1878. Ƙungiyar Linnean ta masana tsirrai da dabbobi, inda aka fara karanta ra'ayin Darwin a 1858, ba ta karɓi mata ba sai farkon ƙarni na 20. Babbar ƙungiyar masana kimiyya ta ƙasar, Royal Society, sai a 1945 ta zaɓi matanta biyu na farko, Kathleen Lonsdale da Marjory Stephenson.

Kuɗin tangaran da auren zumunci

Darwin bai taɓa yin aikin albashi ba. Abin da ya ba shi damar zama shekara arba'in yana nazarin tantabaru da tsirrai da tana shi ne dukiyar iyali. Mahaifinsa likita ne mai kuɗi, sauran kuma ta wajen mata ta zo. Mahaifiyarsa Susannah 'yar Josiah Wedgwood ce, mai shahararriyar masana'antar tangaran. Ta rasu a 1817 yana ɗan shekara 8, yayyensa mata suka ɗauki renonsa. Caroline ce ta fara koya masa karatu a gida. Susan, wadda ba ta yi aure ba ta zauna tana riƙe wa mahaifinsu gida a Shrewsbury, ita ce ke gyara masa kuskuren rubutu a wasiƙun da take aika masa lokacin tafiyarsa ta shekara biyar a jirgin ruwan Beagle, daga 1831 zuwa 1836.

Emma Wedgwood 'yar kawunsa ce, wato auren zumunci aka yi ranar 29 ga Janairu 1839, ita tana da shekara 30, shi yana dab da cika 30. Mahaifinta ya ba ta fam 5,000 da kuma fam 400 duk shekara. Tana jin Faransanci da Jamusanci da Italiyanci, ta ga ƙasashen Turai, ta ƙware a kaɗa fiyano, kuma ta saba da jinya tun a gidansu, inda ta daɗe tana kula da mahaifiyarta.

Wannan kusanci na jini ya dami Darwin daga baya, ganin yadda 'ya'yansa ke yawan laulayi. A 1870 ya nemi a saka tambaya kan auren 'yan uwa a ƙidayar 1871, majalisa ta ƙi.

Nauyin da Emma ta ɗauka

Tsakanin 1839 da 1856 Emma ta haihu sau goma. Autan ta haife shi tana da shekara 48. Uku daga cikin yaran ba su girma ba. Mary Eleanor ta rasu tana da mako uku a 1842, kusan wata guda bayan iyalin sun tare a Down House, gidan da suka saya a ƙauyen Downe na yankin Kent. Annie ta rasu tana da shekara 10 a 1851, sai autan, Charles Waring, da zazzaɓi ya ɗauke a ƙarshen Yunin 1858 yana ɗan wata 18. Shi ya sa Darwin bai halarci taron ƙungiyar Linnean na 1 ga Yuli ba, ranar da aka gabatar da ra'ayinsa tare da na Alfred Russel Wallace, wani masanin halitta da shi ma ya cimma irin wannan ra'ayi da kansa. Littattafan kimiyya kan ambaci taron su wuce. A gidan kuwa zaman makoki ake, kuma Henrietta ma tana kwance da ciwon maƙogwaro mai tsanani.

Bayan yara akwai mijin kansa. Kusan duk tsawon aurensu Darwin yana fama da amai da ciwon ciki da bugun zuciya da kasala. Baƙi kan tayar masa da ciwon, doguwar hira ma haka. Emma ce ta tsara masa yini: lokacin aiki, lokacin kishingiɗa tana karanta masa littafin labari da babbar murya, lokacin fiyano, da wasan allo na bakgamon da suke yi kowane dare. Har lissafin wasan yake ajiyewa. A wata wasiƙa ta 1876 ya gaya wa abokinsa Asa Gray na Amurka cewa ya ci 2,795, ita ta ci 2,490. Ita ke taimaka masa da wasiƙun da suka zo da harsunan waje, ita ke duba gwajin bugu, ita ke tare masa mutane a ƙofa. 'Yan awannin da yake iya aiki a rana, ita ta share masa su.

Amma kada a manta, Emma ma da hannun wasu mata ta iya. Gidan cike yake da masu aiki: mai dafa abinci, masu shara da wanki, malamar gida, mai reno. Jessie Brodie, 'yar Sikotilan, ita ta reni Annie tun tana ƙarama. Da ciwon yarinyar ya yi tsanani aka kai ta garin Malvern wajen wani likita mai magani da ruwan sanyi, Emma ba ta iya zuwa ba saboda tsohon ciki. Brodie da malamar gida Catherine Thorley da Fanny, matar yayan Emma, su ne suka kwana a kanta tare da uban. Annie ta cika ranar 23 ga Afrilu, Emma ta haifi Horace ranar 13 ga Mayu, ba ta ga gawar 'yarta ba. Ta tattara ƙananan kayan yarinyar, har da guntun gashinta, ta adana a ƙaramin akwatin rubutun Annie, aka same shi bayan rasuwar Emma. Brodie kuwa ta bar aiki jim kaɗan bayan rasuwar Annie. Matan da ke wannan mataki su ne tarihi ya fi yi wa rowa, domin yawancinsu ta bakin iyayen gidansu kawai muke jin labarinsu.

Shin Emma ce ta danne littafin?

Gaskiya ne akwai saɓanin aƙida tsakaninsu. Emma mai ibada ce, ta tashi a ɗariƙar Kiristocin da ba su yarda da cewa Allah uku ne cikin ɗaya ba. Kafin aure mahaifin Darwin ya shawarce shi ya ɓoye wa matarsa shakkun da yake da shi game da addini, amma ya faɗa mata. Bayan biki ta rubuta masa wasiƙa, suna gida ɗaya, domin ta ce ta fi iya bayyana kanta a rubuce. Ta roƙe shi kada al'adar masana kimiyya ta ƙin yarda da abu sai an tabbatar da shi ta bi shi har cikin al'amuran da ba a tabbatar da su ta wannan hanya, ta kuma bayyana fargabarta ta a raba su a lahira. Darwin ya ajiye takardar, ya rubuta a ƙasanta cewa idan ya mutu ta sani ya sha sumbatar ta yana kuka.

To amma daga nan zuwa cewa ta hana shi bugawa akwai tazara mai yawa. A Yulin 1844, da ya gama rubuta ra'ayinsa a shafi sama da 200, Emma ya bar wa wasiyya cewa idan mutuwa ta yi masa ba-zata ta ware fam 400 ta nemi masanin da zai buga aikin. Wanda yake tsoron matarsa za ta binne aikinsa ba zai ba ta amanarsa ba. Ta karanta rubutun, ta yi masa alama a wuraren da ba ta gamsu ba. A 1859 ma ta taya shi duba gwajin bugun On the Origin of Species, littafinsa kan juyin halitta, ƙawarta Georgina Tollet kuma ta karanta rubutun hannun don gyaran salo. Shekarun da suka shige a tsakani, takwas daga ciki ya ƙarar da su ne a kan nazarin wasu ƙananan halittun teku masu manne wa duwatsu da jikin jirgi, ga ciwo, ga tara hujja. Ba na musun cewa ya damu da zuciyar matarsa. Abin da babu shi a takardun shi ne wurin da ta ce kada ya buga.

Hannayen da ba a rubuta sunansu a bango ba

Mu koma ga Henrietta, wadda aka haifa a 1843. 'Yan uwanta maza biyar duk an kai su makaranta, huɗu suka je Jami'ar Cambridge, ɗaya ya shiga makarantar soja. Uku a cikinsu, George da Francis da Horace, sun zama 'yan Royal Society. Ita da ƙanwarta Elizabeth a gida aka koyar da su, a hannun malaman da Emma ba ta tsananta wajen zaɓensu ba. Duk da haka, a 1870 ita uban ya aika wa babobin da suka shafi hankali da ɗabi'ar ɗan Adam. Da littafin ya fito a 1871 masu sharhi suka yaba salonsa, sai ya rubuta mata cewa ya san yawan bashin da take bin sa a kan salo da tsari, har ma da taimako a kan hujjojin kansu, ya kira ta abokiyar aikinsa. A wannan wasiƙar ya ce littafin zai kawo masa fam 1,470, kuma yana so ya yi mata kyautar tunawa ta fam 25 ko 30. Sunanta bai hau bangon littafin ba. A 1880, da Francis ya taya shi aiki kan motsin tsirrai, an buga sunansa a shafin farko.

Haka abin yake a sauran dangi. A littafinsa na ƙarshe, kan tana, na 1881, ya ambaci wata mata da ya ce ya amince da ingancin aikinta ɗari bisa ɗari, wadda ta shekara guda tana tattara ƙasar da tana ke turowa a wasu filaye biyu da ta auna. Lucy Wedgwood ce, 'yar yayarsa Caroline. Adalci ne a faɗa cewa a wancan zamani mata da yawa na manyan gidaje su da kansu ba sa son a buga sunansu, ana ganin abin kunya ne. Sai dai ko da yardarsu ko babu, sakamakon ɗaya ne, mai karatu ya ga sunan namiji kaɗai.

A gidajen abokansa ma haka. Mary Lyell, matar masanin duwatsu Charles Lyell, ta bi mijinta tafiye-tafiyen bincike, tana yi masa fassara da rubutu da idonsa ya raunana, kuma ita kanta ta san ilimin katantanwa da kwansonsu. Amma a 1839 Darwin ya ba Emma labarin yadda suka yi rabin awa suna hirar duwatsu da Lyell, ya kwatanta matar da gunkin haƙuri a gefe, bai kawo a ransa cewa tana bin zancen ba. Frances Hooker, matar amininsa Joseph Hooker, ta fassara babban littafin ilimin tsirrai daga Faransanci a 1873.

Akwai kuma waɗanda suka tsaya da ƙafarsu. Lydia Becker ta Manchester ta fara aika masa samfurin furanni a 1863, daga baya ta zama jagora a fafutukar 'yancin ƙuri'ar mata. Mary Treat ta jihar New Jersey a Amurka da alƙalaminta take ci, kuma ta gano cewa bayanin Darwin kan yadda wani tsiron ruwa ke kama ƙwari ba daidai ba ne. Ya amsa kuskurensa. Clémence Royer ta fassara littafinsa na 1859 zuwa Faransanci a 1862, ta ƙara masa doguwar gabatarwa ta sukar coci wadda ba ta yi masa daɗi ba.

Abin da ya rubuta, da amsar da aka ba shi

Hujjar Darwin a 1871 ita ce, gasar da maza suka daɗe suna yi da juna wajen neman mata da farauta da kare iyali ta wasa musu ƙwaƙwalwa fiye da ta mata. Ya ce a jera sunayen fitattun maza shida da fitattun mata shida a waƙa, zane, kiɗa, tarihi, kimiyya da falsafa, za a ga jerin biyu ba su kama ƙafar juna ba.

A nan nake ganin ya yi kuskuren da ba zai yafe wa kansa ba da a kan tsiro ne. Idan yana gwada iri biyu, yakan tabbatar ƙasa ɗaya da ruwa ɗaya da rana ɗaya suka samu. Da ya zo kan mutane sai ya ƙirga amfanin gona bai tambayi wanda aka hana taki ba, alhali misalin yana cin abinci tare da shi a teburi ɗaya.

Mata ba su yi shiru ba. Antoinette Brown Blackwell ta Amurka ta fitar da littafin raddi a 1875. A Disambar 1881 Caroline Kennard, daga yankin Boston, ta rubuto masa tana tambaya ko da gaske haka yake nufi. Ya amsa a Janairun 1882, wata uku kafin mutuwarsa, cewa mata sun fi maza kyawun hali amma ba su kai su hankali ba, kuma kafin su kamo su sai sun zama masu nemo abinci kamar maza, abin da yake tsoron zai cutar da tarbiyyar yara da jin daɗin gida. Kennard ta mayar masa cewa mata sun daɗe suna nemo abinci, ba a ƙirga musu ne kawai, ta ce a ba mace irin yanayi da damar da aka ba namiji tukuna kafin a yanke mata hukunci.

Abin da wannan ya jawo wa sauran mata

Darwin bai ƙirƙiro raina hankalin mace ba, ya tarar da shi. Illar ita ce ya sa masa rigar kimiyya a daidai lokacin da ake jayayya kan buɗe wa mata jami'a da aikin likita. A 1874 likitan ƙwaƙwalwa Henry Maudsley ya rubuta cewa karatu mai zurfi na lalata lafiyar 'yan mata, likita Elizabeth Garrett Anderson ta mayar masa da martani a shekarar. Wadda abin ya fi shafa ita ce 'yar malamin makaranta ko 'yar mai kanti da ba ta da gadon tangaran, wadda takardar shaida ce kaɗai hanyar cin abincinta. Ita kuwa ma'aikaciyar masaƙa da 'yar aikin gida, da ke aikin awa goma ko fiye, ba wanda ya ce aiki ya fi ƙarfin jikinta.

A 1890 Philippa Fawcett ta zarce duk mazan da suka zauna babbar jarrabawar lissafi ta Cambridge, jarrabawar da George Darwin ya zo na biyu a cikinta a 1868. Shi ya zama farfesa a jami'ar. Ita ba a ba ta digiri ba, domin Cambridge ba ta fara ba mata cikakken digiri ba sai 1948, shekarar da Fawcett ta rasu.

Labarin tuba, da matan da suka riƙe takardun

Darwin ya mutu ranar 19 ga Afrilu 1882 a Down House, Emma da wasu cikin 'ya'yansa suna kansa. An binne shi a Westminster Abbey, babban cocin Landan da ake binne manyan ƙasar, Emma ba ta je ba, ta zauna a gida. A 1915 wata mai wa'azi da ake kira Lady Hope ta ba da labari a wata jaridar Kirista ta Boston cewa ta ziyarce shi kafin mutuwarsa ta same shi yana karanta Littafi Mai Tsarki yana nadamar abin da ya rubuta. Labarin na yawo har yau. Francis ya ƙaryata shi, kuma a 1922 Henrietta, wadda ke wurin lokacin da ya cika, ta rubuta cewa matar ba ta zo ba a ciwonsa na ƙarshe, kuma bai janye ko ɗaya daga ra'ayoyinsa na kimiyya ba.

Sai dai matan gidan su ma sun sa almakashi. Darwin ya bar wa 'ya'yansa tarihin rayuwarsa da ya rubuta da hannunsa, kuma da za a buga shi a 1887 Emma da Henrietta suka dage a cire wasu kalamansa masu zafi kan addini, musamman inda ya la'anci koyarwar cewa mahaifinsa da yayansa da abokansa za su dawwama a azaba don ba su yi imani ba. Emma ta rubuta a gefen wurin cewa maganar ɗanya ce, ba ta so a buga. Aka yi ta ja-in-ja da Francis, a ƙarshe aka cire.

Emma ta rayu har 1896, tana rani a Down, hunturu a Cambridge, tare da Elizabeth wadda ba ta yi aure ba, kuma su biyun ne suka reni Bernard, ɗan Francis, wanda mahaifiyarsa Amy ta rasu kwanaki kaɗan bayan haihuwarsa a 1876. Henrietta ta tattara wasiƙun mahaifiyarta da na danginta mata na shekara ɗari, ta buga su don iyali a 1904, sannan ga jama'a a 1915, kuma daga nan ne aka san yawancin abin da aka sani game da cikin gidan. Wuraren da aka cire daga tarihin rayuwar kuwa sun zauna a akwati har 1958, lokacin da Nora Barlow, 'yar Horace, wadda ta yi nazarin gadon halitta a tsirrai a ƙarƙashin masanin fannin William Bateson, ta koma kan rubutun hannun kakanta ta mayar da su gurbinsu, ta buga littafin cikakke, da sunanta a bango a matsayin edita.